Makin Don Casimiro da Auren Nereida

Ranar da Eliseo ya zo neman auren Nereida, yayana Casimiro, uban yarinyar, bai ko bari an shigo da kwandon neman auren cikin gida ba.

Ni ce na buɗe musu ƙofa. Yaron ya sha farar riga an goge ta har tana ɗaukar ido, kawunsa na biye da shi ɗauke da kwandon burodi da 'ya'yan itace da kwalba guda, yadda aka saba. Casimiro ya dubi kwandon, ya dubi yaron, ya ce a ajiye shi nan bakin ƙofa tukuna, ba a sani ba ko da shi za su koma.

Ni Chayo ƙanwarsa ce, ɗaki ɗaya muka tashi. In ya yi magana a hankali irin haka, gara a ce ihu ya yi.

Laifin Eliseo kuwa babu wanda bai sani ba a unguwarmu ta Pitillal. Shi ne ya sayar wa Casimiro mako.

Duk wanda ya zauna a garinmu na Vallarta ya san masu sayar da mako. Suna nan tsaitsaye a bakin teku, baki kamar an shafa zuma, su ja baƙo zuwa karin kumallo kyauta a otal, kafin ya gama shan kofinsa an sayar masa da mako guda a ɗaki, duk shekara, har tsufansa. Sai su ce ai ba dole ka kwana a nan ba, makon naka maki ne, ka musanya shi ka kwana a duk garin da ranka ke so. Turawa ake ɗana wa wannan tarkon. Mu 'yan gari sai dai mu wuce muna dariya.

Amma yayana ya faɗa, kuma na san dalili. Matarsa Amparo 'yar Oaxaca ce, wani gari mai nisa da namu. Tun da uwarta ta rasu aka sayar da gidansu, ba ta da inda za ta sauka in ta je, ba ta kuma da wani buri da ya wuce ta je makabartar garinsu ranar tunawa da matattu, ta share kabarin uwarta, ta zuba masa furanni. Casimiro masunci ne, ya tsufa yana kallon otal-otal daga cikin kwalekwalensa, bai taɓa sa kansa a matashin ɗaya daga cikinsu ba. Da Eliseo ya ce masa Oaxaca ai kamar sun je ne sun dawo, sai ya kwashe abin da ya tara ya miƙa.

Makon da aka ba shi tsakiyar Satumba ne, lokacin da ruwa ke zuba kamar da bakin ƙwarya, ko kare ba ya leƙa bakin teku. Makin irin wannan makon ba su da wani nauyi. Duk shekara sai Casimiro ya buga waya, a ce masa ɗakunan Oaxaca sun cika, ko a ce ya makara, ko a ce ya yi sauri ba a buɗe ba tukuna. Kuɗin gyaran gini kuwa, da ake karɓa a hannunsa duk shekara, bai taɓa makara ba, kuma bai taɓa zuwa yadda ya zo bara ba.

Nereida ce ta riƙa zuwa ofishin masu sayar da makon tana zazzaga masifa, da yake ita ce mai boko a gidan, a kantin magani take aiki. Eliseo ya yi ta ba ta haƙuri. Ban san ranar da masifar ta koma murmushi ba, na dai ga yarinya ta fara shafa jan baki in za ta je kai ƙara.

To, a ranar nan kawun Eliseo ya yi ta zuba, ya yabi yaron, ya yabi gidanmu, ya yabi har kajin tsakar gida. Casimiro ya bar shi ya gama. Dama al'ada ce uban yarinya ya yanka wa'adi kafin ya ba da amsa, sai dai nasa wa'adin ba a taɓa jin irinsa ba.

"Kai ka ce min makina za su kai matata Oaxaca," in ji shi. "To wa'adinka ranar matattu. In Amparo ta kwana a otal a can da makin da ka sayar min, ka dawo da kwandonka. In ba haka ba, kada ƙafarka ta sake bin layin nan."

Eliseo ya ce, "Na ji, Don Casimiro." Don da Doña laƙabin girmamawa ne a wurinmu, na namiji da na mace.

Suka ɗauki kwandonsu suka tafi. Nereida na bayan labule tana toshe baki da hannu.

Shi kuwa Rómulo bai jira an yi masa iso ba. Shi ne mai gidan ƙanƙara, shi ke sarin kifin rabin masuntan bakin ruwanmu, ya daɗe yana son Nereida bai kuma ɓoye ba. Duk Lahadi sai ya faka motarsa a ƙofar gida da ledar jatanlande, ya zauna da Casimiro su yi hirar injin kwalekwale. Ba mugu ba ne, ba mummuna ba ne, ba ya shan giya ya yi tamɓele. Abin da ya fi ba ni haushi da shi ke nan, na rasa abin da zan kushe. Mutum ne dai da bai taɓa sayen abu da tsada ba, bai kuma taɓa sayarwa da araha ba.

Wata ranar Talata da la'asar ina gashin kifina a bakin teku, sai ga Nereida ta jawo Eliseo har bayan rumfata. Idanunta sun yi jawur. Ta ce in yi kamar ba na nan, na ce dama ni kurma ce, na ci gaba da juya tsinkena ina kasa kunne.

Ta ce masa ba ta son maganar ofis, ba ta son muryar da yake yi wa Turawa. Gaskiya take so.

"Makin nan, akwai riba a cikinsu ko babu?"



"Ga wanda ya yi ritaya, ba shi da abin yi, zai iya tafiya duk lokacin da aka ce ga ɗaki, akwai ɗan abin da zai samu," ya ce. "Ga wanda yake son gari ɗaya a rana ɗaya, kuma ranar da duniya duka ke son garin, babu. Abin da Baba ke biya na gyara kawai ya isa ya kama ɗaki da kuɗinsa, ba tare da ya roƙi kowa ba."

"Ka san haka ranar da ka sayar masa?"

"Ban sani duka ba. Amma ban tambaya ba, don ina tsoron amsar."

Ta fashe da kuka. Ta ce to me ya sa ya amsa wa'adin, me ya sa bai faɗi ƙasa ya roƙi gafara ba, wataƙila da zuciyar mahaifinta ta yi sanyi. Ya ce da ya faɗi haka a ranar, da ƙofar ta rufe ke nan har abada, yanzu kuwa ko ba komai akwai watanni a gaba, wani na iya fasa tafiya ɗaki ya faɗo.

"Eliseo, na gaji," ta ce. "Na gaji da jin motar Rómulo duk Lahadi. Na gaji da ganin Mama tana goge jakar tafiya tana mayarwa ƙarƙashin gado. Ni ban iya son wani ba, kai na iya so, kuma kai ne ka cuci ubana. Ka gaya min yadda zan yi da raina."

Shi ma hawaye yake yi. Ya ce ta ba shi lokaci, ko zai mutu sai Doña Amparo ta je Oaxaca. Kifina biyu suka ƙone ranar, ban ko ji ƙaurinsu ba.

Damina ta zo ta wuce, yaro ya rame. Na ji ya bi manyansa ɗaya bayan ɗaya, duk amsa guda suka ba shi, wai maganin ƙarancin maki ai ƙarin maki ne, ya lallaɓa tsohon ya ƙara saye. Nereida ta daina cin abincin kirki. Ni da kaina na fara yi mata nasiha ta saba da ganin Rómulo, ta dube ni kamar na mare ta, ban sake ba.

Ana saura kwanaki kaɗan wa'adi ya cika, sai ga Eliseo a ƙofar gida, ya ce an samu. Ɗaki a tsakiyar Oaxaca, mako guda cur, da sunan Don Casimiro. Wai wani Bature ne ya fasa.

Amparo ta zauna a ƙasa ta rufe fuska da zanen girkinta.

Suka tafi, suka dawo. Amparo da ta dawo kamar ba ita ba, bakinta bai rufu ba kwana da kwanaki. Ta ba mu labarin kyandirori da furanni, da yadda ta zauna a gefen kabarin tana yi wa uwarta hira, ta gaya mata sunan 'yarta, ta gaya mata mijin nan da aka raina a da shi ne ya kawo ta da guminsa, ya sauke ta a ɗaki mai farin zanen gado. Casimiro yana gefe yana murza gashin baki. Shi da kansa ya aika aka ce wa Eliseo ya dawo da kwandonsa.

Aka dawo da kwando, aka buɗe kwalba, aka sa rana bayan Kirsimeti. Rómulo ya daina zuwa ranar Lahadi. Ni dai abu ɗaya ya tsaya min a rai, yaron da na sani da 'yar jar motarsa yanzu a bas yake zuwa, in an tambaye shi ya ce tana wurin makaniki.

Lahadin da abin ya faru, Amparo ta dafa naman akuya da barkono, ana ta gasa tortiya, wato wainar masararmu, har maƙwabta sun leƙo. Casimiro ya ci ya ƙoshi, ya goge baki, ya ce yana da albishir, kuma kyautar aure ce.

Ya ce shekaranjiya kamfanin sun gayyace shi karin kumallon masu mako, ya je bai gaya wa kowa ba. Sun nuna masa cewa da zai ƙara maki, duk shekara Amparo za ta je Oaxaca, har amarya da ango su samu inda za su je hutun aure. Tun da ya gani da idonsa abin na aiki, sai ya sa hannu. Ya kuma sa sun rubuta sunan Eliseo a matsayin wanda ya kawo shi, don la'adar ta shigo gida.

Na ce, "Yaya, da wane kuɗin?"

Ya ce ya sayar wa Rómulo kwalekwalen da injinsa. Ai ya tsufa, bayansa na ciwo, zai riƙa fita da na wasu ana raba kamu. Yau da yamma ma Rómulo zai zo karɓar makulli.

Amparo ta yi ɗan jim, sannan ta yi murmushi don ta ga mijinta na murmushi. Ni kuwa Eliseo nake kallo. Tortiyar da ke hannunsa ta faɗi cikin romo, fuskarsa ta koma kamar toka. Ya ce zai ɗan sha iska, ya fita bayan gida. Nereida ta bi shi, ni ma na kwashi kwanuka na bi su wurin wanki.

Ba ta tambaye shi komai ba, shi ya fara.

"Babu Baturen da ya fasa, Nereida. Motata na sayar. Da kuɗi na kama ɗakin, na roƙi mai otal ɗin kada ya faɗa."

Ta jingina da bango.

Ya ce doka ta ba wanda ya sa hannu 'yan kwanaki ya fasa a mayar masa da kuɗinsa, kuma kwanakin ba su ƙare ba. Amma Don Casimiro ba zai fasa ba sai ya san dalili, kuma duk duniya mutum ɗaya ne zai iya ba shi dalilin.

"In na faɗa masa, na rasa ki," ya ce. "In na yi shiru, za a ɗaura mana aure. Zan yi aiki dare da rana, duk shekara in kama musu ɗakin da kuɗina, ba zai taɓa sani ba. Ki ce in yi shiru, Nereida. Don Allah ki ce in yi shiru."

Ta kama hannunsa ta ɗora a kumatunta, hawaye na bin yatsunsa. Ta ce Allah ya sani ba ta taɓa son jin wata magana kamar wannan ba. Ta ce tun tana ƙarama take jin ƙarar injin nan da asuba, da shi aka biya mata makaranta, da shi aka binne kakanninta.

"Zan iya zama matarka ina kallon Baba yana jiran wani ya ɗauke shi a kwalekwale kamar ɗan haya? Duk safiya? Zan tsane ka, Eliseo. Ba yau ba, amma zan tsane ka, kuma gara in rasa ka ina sonka."

"Ke nan kin yanke."

"Ban yanke komai ba. Babu abin yankewa."

Suka tsaya haka suna kuka, ni ma ina ta wanke kwano ɗaya ina maimaitawa. Can ya share fuska da hannun rigarsa, ya ce, "Gwaggo Chayo, ki taimaka ki ja Doña Amparo zuwa kicin."

Na ja ta da sunan ta nuna min inda ta ajiye kirfa, na bar ta can na dawo na tsaya a bakin ƙofa.

Eliseo ya durƙusa gaban yayana ya faɗi komai. Bai rage ba, bai yi wa kansa ado ba. Ya ce makin ba su taɓa isa ba kuma ba za su isa ba ko an ninka su, ya ce gobe da sassafe zai raka shi ofis a soke sabon cinikin, ko da hakan zai ci aikinsa.

Casimiro ya ɗago ya dube shi. Na ga tsufa ya sauko masa a fuska lokaci guda.

"Ke nan ba ni na kai ta ba," ya ce.

"Don Casimiro…"

"Ta zauna a kan kabarin uwarta ta ce ni na kai ta. Ka sa matata ta yi wa matacciya ƙarya." Ya waiga wajen kicin, ya rage murya. "Da farko ka yi min ƙarya ka karɓi kuɗina, wannan na iya haƙura. Yanzu ka yi min ƙarya ka karɓi 'yata, ka mai da ni abin tausayi a gidana. Amparo ba za ta ji wannan ba har ta mutu. Gobe ka raka ni ofishin. Daga nan ban san ka ba."

Nereida ta zube a gabansa. Ta ce Baba ka duba, da ya yi shiru da ba wanda zai sani, motarsa ya sayar don Mama, yanzu kuma ya sayar da kansa don kai. Ta ce wane mutum ne zai yi haka in ba mai son gidan nan ba. Ta riƙe ƙafarsa tana roƙo har muryarta ta dishe. Ya ɗora hannu a kanta, a hankali, amma bai ce komai ba, kuma na san yayana, shirun nan ya fi rantsuwa.

Eliseo ya miƙe ya fita. A bakin ƙofa suka yi kiciɓis da Rómulo, ya zo karɓar makulli. Rómulo ya matsa masa ya wuce.

Casimiro bai yi kwana-kwana ba. Ya ce wa Rómulo ya fasa abin da ya sa ya sayar da kwalekwalen, da zarar an mayar masa da kuɗinsa zai kawo, a warware cinikin.

Rómulo ya dubi idanun Nereida, ya dubi ƙofar da Eliseo ya fita, ya juya hularsa a hannu. Ya ce shi a sana'arsa bai taɓa mayar da abin da ya saya ba, in ya fara yau gobe kowa zai zo. Ya ce amma fa wannan tsakanin bare ne.

"Kwalekwalen surukina kuwa," in ji shi, "ba zan riƙe shi ko kwana ɗaya ba."

Daga kicin muna jin Amparo tana 'yar waƙarta tana jera kofuna, ba ta san komai ba.

Casimiro bai dubi 'yarsa ba. Ƙasa yake kallo. Ya ce, da wata murya da ban san shi da ita ba, "Nereida, ni ban ce ki yi komai ba."

Kuma gaskiya ne, bai ce ba. Babu wanda ya ce mata ta tashi. Ita ta dafa bango ta miƙe, ta goge fuskarta, ta je ta ɗauko wa Rómulo kujera.